Ƙurajen Zazzaɓi

Shafi na 17

To masu ƙorafi, ga ni. Wadda ta ce tsohuwa ta bar ku a rataye ta tafi biki, ban musa ba, na je, na kuma ci waina da miyar taushe. Ku gyara zama. Mai girki ta sauke tukunya tukuna, don ba zan ɗauki alhakin tuwon kowa ba.

Kwana shida ke nan Zara tana zaman asibiti da jaririnta Mubarak. Yaro yana kwana goma a duniya ya ƙi nono, jiki ya yi zafi, wasu ƙuraje masu ruwa suka feso masa a baki. Aka ɗebi ruwan ƙurajen aka kai gwaji. Takarda ta fito da wata kalma ta Turanci, Herpes. Mijinta Abdulhakeem bai jira likita ba, ya buga kalmar a waya. Waya kuwa ba ta san kunya ba, ta zazzage masa hotuna da bayanin ciwon da ake ɗauka a shimfiɗa. Kafin la'asar ƙanwarsa Safiya ta sa maganar a gurup ɗin dangi, wai don a taya da addu'a. Kun dai san irin addu'ar. Kwana ɗaya tak, duk Gwammaja ta ji cewa 'yar Barebarin nan ta Ƙofar Ruwa ta shigo gidan surukinta Malam Shehu da ciwon 'yan duniya.

Yau Laraba da hantsi, Dakta Hassana, likitar jarirai, ta ce a tara mata su a ofis: uwar yaro, uban yaro, da kakanni mata biyu.

Zara ce ta fara shiga, tana tafe tana dafe da mara, don ɗinkin aikin da aka yi mata aka ciro yaron bai gama kamawa ba. Bayanta mahaifiyarta, Inna Falmata, an naɗe cikin laffaya, ƙamshin humra ya riga ta sallama. Sai Hajiya 'Yardada, uwar miji, ta shigo ta ja kujerarta can jikin bango, ta tattare mayafi, kamar ciwon zai yi tsalle ya kama gefensa. Abdulhakeem ya tsaya a bakin ƙofa. Kwana uku rabonsa da ya kalli idon matarsa. Maganarsa ta ƙarshe da ita ta waya ce, kuma gajeriya: in an sallame ku ki wuce Ƙofar Ruwa, kar ki dawo sai na neme ki.

"Malam Abdulhakeem, ga kujera," in ji Dakta.

"Nan ma ya isa."

"Zauna dai. Maganar ba ta tsaye ba ce."

Ya ɗosana a gefen kujera kamar mai shirin gudu.

Hajiya ba ta bari an buɗe fayil ba.

"Likita, mu fa mun riga mun ji, ba sai an yi ta tone-tone ba. Gidanmu gidan karatu ne. Shekara arba'in da biyu ina ɗakin Malam, ban taɓa jin sunan ciwon nan ba sai da aka haɗo mana shi cikin gara."

Inna Falmata ta gyara laffaya a kafaɗa.

"Gara dai kun cinye ta tas, alkaki da nakiya da dubulan, ban ji an kwantar da kowa ba."

"Inna," Zara ta ce a hankali.

"Bar ni, Zara. Kwana uku ina haɗiye magana, har ta fara yi min ƙwannafi."

"Ai sai ki amayar," in ji Hajiya. "Nan asibiti ne, akwai masu shara."

Dakta Hassana ta bar su sai da suka numfasa. Mace ce mai sanyin murya, irin wadda in ta yi shiru kai da kanka za ka ji ka yi yawa. Ta juya wajen Abdulhakeem.

"Wa ya fara karanta takardar?"

"Ni ne."

"A ina ka samo fassararta?"

"A waya."

"Wayar ta duba yaron?"

Ya girgiza kai.

"Ta duba uwar yaron?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"To ku saurara," in ji Dakta. "Sunan nan da ka gani sunan gida ne, ba na mutum ɗaya ba. Kamar a ce 'ya'yan gidan Malam Shehu, akwai wa, akwai ƙani. Ƙwayar cutar iri biyu ce. Ɗaya ta fi zama a ƙasa, wajen al'aura, ita ce wayarka ta nuna maka. Ɗayar ta fi zama a baki. Gwaji ya nuna ta bakin ce a jikin Mubarak."

Zara ta kafa wa likita ido. Ba ta motsa ba.

"Amma wani lokaci suna musayar gida," Dakta ta ci gaba, "shi ya sa ban tsaya nan ba. Na duba Zara da kaina, na kuma aika da jininta. Shi jini yana riƙe tarihi. Duk wanda ƙwayar nan ta taɓa zama a jikinsa, jininsa yana ajiye shaida. Sakamako ya zo jiya da yamma."

Ta juyo takardar ta tura tsakiyar tebur.

"Jinin Zara fes yake. Ba ta sama, ba ta ƙasa."

Fankar da ke sama kaɗai ake ji tana ƙiƙi-ƙiƙi.

"Ban gane ba," in ji Hajiya.

"Ba ta da ita, Hajiya. Sannan yaron ta aiki aka ciro shi, bai ma bi hanyar da zai ɗauka a wajen haihuwa ba."

"To nono fa? Ai yana sha."

"Ba ta bin ruwan nono. Abin da ma zai ba ku mamaki, da a ce Zara tana da ita tun da can, da jikinta ya ba yaron kariya tun yana ciki. Rashin ta taɓa yi ne ya sa ya fito duniya ba garkuwa."

Jama'a, kun ji fa. Yarinyar da aka yi kwana uku ana wanke baki da sunanta a gidajen suna da bakin famfo, ashe ita ce ta fi kowa tsafta a ɗakin.

Zara ta zaci za ta yi kuka, amma idon ya bushe. Ta ɗaga kai ta kalli mijinta. Ya cire hula, ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar.

Inna Falmata ta buɗe baki za ta yi guɗa, ta tuna asibiti ne, ta mayar da ita hamdala.

Hajiya kuwa ba ta sauka da wuri.

"To daga ina ya samo? Iska ce ta buso masa?"

"Daga bakin wani," in ji Dakta. "Hajiya, kin san ƙurajen nan da ke fito wa mutum a gefen leɓe in ya tashi daga zazzaɓi?"

"Ƙurajen zazzaɓi? Wa bai san su ba. Ai su lafiya ce. In suka fito, zazzaɓi ya fita daga jiki ke nan."

"Su ne."

"Su ne me?"

"Su ne kalmar da ke jikin takardar nan."

Hajiya ta kalli takarda, ta kalli likita, ta sake kallon takarda, ita da ba ta karatun boko.

Hannun Inna Falmata ya tafi leɓenta da kansa.

"Likita, ni ma fa suna fito min. In na sha rana a hanyar kasuwar Kurmi, kwana biyu sai in ji wurin yana ƙaiƙayi."

"Ni ma suna fito min, Inna," in ji Dakta. "Cikin mutum uku, kusan biyu suna ɗauke da ita. Yawanci tun muna yara muke samu, daga sumbar iyaye, daga cokali ɗaya, daga kofi ɗaya. In ta shiga ba ta fita. Sai ta bi jijiya ta tafi can ciki, wajen gindin kunne, ta kwanta barci. Shekara da shekaru tana nan, mutum bai sani ba. Ranar da jiki ya yi rauni, ko zazzaɓi, ko gajiya, ko zafin rana, ko damuwa, sai ta farka ta biyo jijiyar ta fito a leɓe."

"Wato ba zazzaɓin ne ke fita ba," in ji Inna Falmata.

"A'a. Ita ce ta ga ƙofa a buɗe ta leƙo. A lokacin ruwan ƙurajen da yawun mutum cike suke da ita. Babba ba ta cika yi masa komai ba, sati ɗaya zuwa kwana goma ta bushe. Jariri kuwa jikinsa bai san faɗa ba tukuna. Tana iya shiga masa ido, ta shiga hanta, ta hau har ƙwaƙwalwa."

"Ta hau?" Wannan ce kalmar farko da Abdulhakeem ya faɗa ba tare da an tambaye shi ba.

"Allah ya taimaka, uwarsa ta kawo shi da wuri. Ruwan ƙashin bayansa da muka ɗiba bai nuna ta hau ba. Zai cika sati biyu yana karɓar magani ta jijiya, sannan mu ci gaba da na sha. Tun jiya ma ya kama nono."

Hajiya fa tun ɗazu hankalinta na kan Inna Falmata, kamar kyanwa a bakin rami.

"To ai shi ke nan, ta faɗa da bakinta. Ga mai ƙuraje nan. Duk dai gidan ɗaya ne."

"Rabona da su tun azumin bara," in ji Inna Falmata. "Ki tambayi leɓena, ga shi nan, bai iya ƙarya ba."

Dakta ta ɗaga hannu.

"Ba mai laifi nake nema ba. Tambaya ɗaya gare ni, saboda kar a sake. Ƙurajen Mubarak ba a fuska suka fara ba, a cikin baki suka fara, can a ganɗa. Ita kuma cutar tana ɗaukar kamar kwana biyu zuwa sha biyu kafin ta nuna. A kwanakin farko, akwai wanda yawunsa ya shiga bakin yaron nan? Ko wanda ya tauna wani abu ya ba shi?"

Zara ta tuna. Ta ga ranar a gabanta kamar yanzu.

Kwananta uku da haihuwa, tana kwance a ɗakin masu jego. Malam Shehu, uban mijinta, wanda aka sa wa yaron sunansa har ake sakaya shi da Mubarak, zazzaɓi ya kwantar da shi tun kafin ta haihu. Hajiya ta ce ba wanda zai yi wa jikanta tahniki sai Malam, ko sati za a yi a jira. Yo ai duk layin nan na Gwammaja, jaririn da aka haifa wajen Malam ake kai shi ya tauna dabino ya shafa masa a baki don neman albarka, sai nasa jikan ne za a ba wani? Ranar ta uku Malam ya zo yana dogara sanda. Ya fito da dabinon Madina guda ɗaya da ya ajiye tun dawowarsa daga Umra. Ya tauna, ya lakato da yatsa, ya shafa wa yaron a ganɗa. Yaro yana ta tsotsa ana dariya.

Kuma Zara ta tuna muryar Hajiya a bakin gado, cike da murna: Alhamdu lillahi, Malam ya samu lafiya, ga shi zazzaɓin ya fito masa a leɓe.

Ta kalli Hajiya. Hajiya ta riga ta tuna. Fuskarta ta yi fari kamar an shafa toka.

Abdulhakeem ya zaro waya daga aljihu. Ya shiga gurup ɗin dangi, ya yi ta ja sama, ya wuce saƙon Safiya na neman addu'a, ya wuce hotunan suna, har ya kai ga bidiyon da Safiyar ta ɗauka ranar. Ya kunna. Muryar Malam ta cika ofis yana bismilla. Ya tsayar da hoton, ya buɗa shi da yatsu biyu.

Ga su nan a gefen leɓen Malam na ƙasa, ƙanana, a cure, suna ƙyalli.

Ya miƙa wa Dakta wayar.

Ta duba ta daɗe. Ta ajiye wayar a hankali.

"Ba zan rantse ba, Allah ne masani. Amma duk alamu nan suka nuna."

"Malam," in ji Hajiya. Ba kiransa take ba, ba kuma tambaya ba ce. Kalmar ce kawai ta faɗo daga bakinta.

"Ku ji da kyau," in ji Dakta. "Sunna ba ta da laifi. Malam ma ba shi da laifi, bai sani ba, kamar yadda ku ma ba ku sani ba. Mai ƙurji a baki ne kawai bai kamata ya yi ba, kamar yadda bai kamata ya sumbaci jariri ba. Amma dole a gaya masa, tunda kun ce ana kai masa jarirai. Ko ku gaya masa, ko ku kawo min shi."

Suka fito ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Inna Falmata, wadda ta shiga da magana cike da baki, ta fito ba ko ɗaya. Ita ma ta san Malam. Shi ya ɗaura auren iyayen rabin mutanen da ta sani.

A baranda, kusa da ɗakin jarirai, Zara ta ji an riƙo hannunta. Ta juya. Hajiya ce. Matar da ɗazu take tattare mayafi, yanzu ta riƙe mata hannu da hannu biyu.

"'Yata."

Shekara ɗaya da rabi da aure, yau Zara ta fara jin wannan suna daga bakinta.

"Na'am, Hajiya."

"Na ci haƙƙinki. Na sani. Ki yafe min don Allah."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Amin. To ki ji." Hajiya ta rage murya, ta waiga hagu da dama. "Malam shekararsa saba'in da huɗu. Kin san hawan jininsa. In ya ji shi ne ya kwantar da takwaransa, wallahi ba zai kai Juma'a ba."

Zara ta kalli ƙofar ɗakin jarirai.

"Sannan mutanen unguwa ba su san wani wa da ƙani ba. Sunan kawai za su riƙe. Za a ce an samu ciwon nan a bakin Malam. Bakin da yake karanta Alƙur'ani. Bakin da yake yi wa mutane tofi. Shekara hamsin yana gina sunan nan."

"To ya za a yi, Hajiya?"

"A bar maganar yadda take."

Inna Falmata ta matso.

"Yadda take ta yaya?"

Hajiya ba ta kalle ta ba, Zara take kallo.

"Mu nan mun san gaskiya, Allah ma ya sani. Ɗakinki yana nan, ki gama wanka ki dawo, ni da kaina zan zo in ɗauke ki. Ke yarinya ce. Maganar mutane kwana nawa ce? Wata za ta taso ta danne ta."

"A gurup fa?" in ji Zara. "Abin da Safiya ta rubuta?"

"Kar a taɓa shi. In aka ce ba ke ba ce, za a ce to waye."

Inna Falmata ta ja da baya ta jingina da bango.

"'Yardada, kin ji abin da kike faɗa kuwa? Jiya dangin manemin Ikram, ƙanwar Zara, suka aiko, wai a ɗan dakata da sa rana. Ɗan'uwanta ya daina zuwa masallacin layinmu. Ki ce wata magana za ta danne? Irin wannan ba ta dannuwa. Yaron nan da ke kwance sai ya girma an gaya masa."

"Na sani, Falmata."

"Kuma jariran da ake kai wa Malam fa? Kin ji abin da likita ta ce."

"Ni zan san dabara. Sai in ce suga ya hana shi dabino."

"Malam ɗin da ba shi da suga."

"Sai ya samu," in ji Hajiya, hawaye yana bin kumatunta.

Ni kaina da labarin ya zo min nan, sai da na ajiye goron da nake ci. An wanke ki tas da sabulu a gaban shaidu, sannan a ce don Allah ki koma cikin kwata ki zauna, kar a ga wanda ya faɗa.

Zara ta zare hannunta a hankali. Ta juya wajen mijinta, wanda ke tsaye yana karanta wata takardar bango kan wanke hannu kamar za a yi masa jarrabawa a kai.

"Baban Mubarak."

Ya juyo.

"Kai me ka ce?"

"Zara, na zalunce ki. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba."

"Na ji wannan. Me ka ce a kan maganar Hajiya?"

Ya kalli uwarsa. Ya kalli ƙasa.

"Malam ne fa, Zara."

"Na san Malam ne."

"A ɗan ba shi lokaci. Ya ƙara jin ƙarfi. Sai a san yadda za a ɓullo."

"Lokaci," ta ce. "Ni minti nawa ka ba ni, daga wayarka zuwa kunnen Safiya?"

Nas ta leƙo ta ce maman Mubarak ta zo ta ba da nono. Zara ta wanke hannu har gwiwa ta shiga, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Hajiya ta ɗauki shirun nan a matsayin yarda. Ta manta wannan hukuncin budurwa ne, Zara kuwa mai jego ce.

A ciki, yaron ya kama nono da ƙarfi, ɗan hannunsa ɗaure da robar magani. Ƙurajen sun fara bushewa. Zara tana kallonsa tana ta juya abin a ranta. Malam ne ya riƙa aiko mata da zuma tana laulayi. Shi ne in ya ji Hajiya ta fara mita yake gyaran murya daga zaure, sai a ji tsit. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mata 'yar Barebari ba, sai dai Zara'u. Ta ce a ranta, wataƙila zan iya. Sati ɗaya, sati biyu. Sai ta tuna fuskar Ikram. Sai ta sake tuna sandar Malam. Har yaro ya yi barci ba ta tsayar da komai ba.

Bayan la'asar aka buɗe ƙofa ga masu dubiya. Barandar masu jego ta cika, kowace da tabarmarta da kwanukan kunun kanwa. Zara tana zaune kusa da Inna, Hajiya a gefe tana ta zuba mata farfesu kamar yau aka kawo ta amarya. Cikin masu dubiya har da mata biyu 'yan Gwammaja da suka zo wajen wata, amma idonsu yana wajen Zara.

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan siminti.

Matan suka shiga gyara mayafi. Malam Shehu ne, cikin farar riga da rawani, carbi a hannu, Abdulhakeem yana biye da shi kamar wanda za a kai wa alƙali. Hajiya ta miƙe, ludayi a hannunta.

"Malam, wa ya ce ka fito? Ai da ka bari."

"Takwarana yana kwance kwana shida, in zauna?"

Zara ta sauko daga tabarma ta durƙusa, duk da ɗinkin yana ja.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yauwa, Zara'u. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba. Ya kama nono."

"Alhamdu lillahi."

Aka kawo masa kujera ya zauna. Ya shiga jan carbi. Shi Malam kunnensa ya yi nauyi, in yana ganin raɗa yake yi, na ƙarshen baranda yana ji.

"Zara'u, maganar da ake yi ta zo kunnena. Na tsawatar wa Safiya, don abin da ta yi ba tarbiyyar gidana ba ce. Na kuma gaya wa wannan yaron, in dai ina raye, ban yarda ya sake ki ba."

"Na gode, Baba."

"Ban tambaye ki komai ba, ba kuma zan tambaye ki ba. An ce min takardar likita ce ta faɗa. To ɗan Adam ajizi ne. In wani abu ya taɓa faruwa a baya, tsakaninki da Ubangijinki ne, ƙofar tuba ba ta rufuwa. Ni dai na yafe miki abin da ya samu yaron nan, duniya da lahira."

Ɗaya daga cikin matan Gwammaja ta taɓa 'yar'uwarta da gwiwar hannu.

Zara ta ɗaga kai ta kalli mijinta. Ta ba shi lokaci. Ta ƙirga numfashinta har biyar. Yana kallon silifas ɗin wata a bakin tabarma.

"Baba," ta ce, "Allah ya ƙara girma. Ni ma ina da tambaya, in ka ba ni izini."

"Zara," in ji Hajiya. Ludayin ya faɗi cikin kwano.

"Bar ta," in ji Malam. "Tambayi, 'yata."

"Ranar da ka tauna wa takwaranka dabino, mene ne a gefen leɓenka?"

Hannun Malam ya tashi da carbin, ya taɓa wurin. Tabon yana nan, ɗan baƙi, bai gama ɓacewa ba.

"Ƙurajen zazzaɓi ne," ya ce. "Me ya same su?"

Ya kalli Zara, ya ga ta sunkuyar da kai. Ya kalli matarsa, ya ga ta toshe baki da mayafi. Carbin ya tsaya cak a hannunsa.

Ya juya a hankali wajen ɗansa.

"Kai nake tambaya."